Ni Dai Don Hausar Nake Kallo

Ka zaga ƙauyukan Hausawa da ke kewayen Managil kaf, ba za ka samu mutum ɗaya da zai amsa cewa kyan jarumi ne ya zaunar da shi gaban fim ɗin Kano ba. Haram! Mu jikokin mahajjata ne, mutanen kamun kai. Kowa da hujjarsa, kuma kowace hujja ta fi 'yar uwarta tsoron Allah. Abin mamaki dai, hujjojin nan ba sa ƙara ƙarfi sai daidai inda jarumi ya karkata hula ya saki murmushi. Nan ne za ka ji an ce wa mai riƙe da waya, "Mayar da shi baya, ban ji abin da ya ce ba." Alhali bawan Allah ko tari bai yi ba.

Ciwon ya daɗe. Maza ne ma suka fara kamuwa da shi, zamanin da ake tara kuɗin tsinkar auduga a tafi silima a Wad Madani don ganin Amitabh Bachchan yana dukan ƙato goma shi kaɗai. Da Disco Dancer ya fito a 1982, samarin da ba su san ko "sannu" da Indiyanci ba suka koma tafiyar Mithun Chakraborty a kan gaɓar tur'ar ban ruwa. Su ne yau dattawan da ke cewa yaran zamani sun lalace.

A 2008 kuma tashar MBC ta sako Muhannad na wasan Turkiyya mai suna Nur, da gashinsa ruwan zinariya da idonsa shuɗi. Gidajen Larabawa suka hargitse, har Babban Muftin Saudiyya ya fito ya yi tir da wasan. A lokacin magidantanmu suna da makami: baƙo ne, ba shigarmu ba, ba harshen kakanninmu ba, a kashe! Ana zaton wuta a maƙera sai ta tashi a masaƙa. Kano ta aiko da nata jaruman, ta kaset, ta faifai, yau kuma ta YouTube da memori. Wannan jarumin da sallama yake shiga gida, kaftaninsa a goge, yana durƙusawa ya gaida mahaifiyarsa, Hausarsa kuma ta fi ta maigida tsabta. To, da wace aya za ka kore shi?

Uwargida ita ce mai babbar hujja. Ta ce yara sun tashi da Larabci, gara su riƙa jin Hausar Kano kada harshe ya ɓace. Magana ce mai kyau, ba mai musu. Sai dai yaran suna waje suna buga ƙwallo, ita kaɗai ke ɗaukar darasin. Tana iya gaya maka kalar hular da Ali Nuhu ya sa tun daga Sangaya har zuwa fim ɗin jiya, amma autanta har yau cewa yake, "Inna, ba ni moya."

In kana son ganin darasin da idonka, je madafa da la'asar. Doka, wato farantin tuyar kisra, na kan wuta, ƙullun kisra a kwano, waya an jingina ta da gwangwanin sukari. Kisra kuwa ba ta jiran kowa: a zuba, a baza da gargariba, a ɗaga kafin ta kama. Ta farko ta fito fes, ta biyu ma haka. A ta uku jarumi ya sauko daga mota yana gyara agogo. Hannu ya tsaya a sama, baki ya ɗan buɗe, hayaƙi ya tashi. Da dare maigida ya ɗaga baƙar kisra yana dubawa, aka ce masa gawayin bana ne ba shi da kirki.

Habboba kuma, wato kaka, binciken dangi take yi. Ta san labarin yadda aka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, har ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya iso bakin kogin Nilu kusa da Sinnar ya kafa garin da ke amsa sunansa. Tunda kuwa an baro 'yan uwa a yamma, dole jikokinsu suna can. Sai ta matso da waya dab da ido, ta ƙare wa Adam A. Zango kallo, ta ce, "Wannan hancin gidanmu ne, rantsuwa ba kaffara." Bincikenta bai taɓa gano mummuna a zuriyarmu ba. Duk dogo mai fara'a jikan ƙanin babanta ne. Mai fitowa a boka ko ɗan daba kuwa, da gani dangin marigayiya kishiyarta ne.

'Yammata sun ce ɗinki suke dubawa. Ɗinkin ne ya raba su gida biyu lokacin shirin Labarina, masu Mahmud da masu Presido, har aminai suka daina aron lalle a tsakaninsu. Saurayi ya sha rana a raksha ya zo zance, a auna shi da Umar Hashim na Izzar So, a ce ba shi da aji. Ya koma gida yana tunanin ko wani ne ya yi masa asiri, bai san abokin takararsa yana cikin memori ba.

Malam shi ma yana kallo, don ya san abin da zai yi wa'azi a kai. Tsananin kishin addini ya sa kashi ɗaya bai taɓa wuce shi ba.

Amma gwanin gwanaye shi ne maigida. Shi tsaro ya kawo shi, wai ya ga abin da iyalinsa ke kallo. Zai zauna a gefen angarib da jabanarsa yana tsaki: "Ki dube shi, namiji da hoda! Wannan zai iya kwana yana ban ruwa?" Can sai Hadiza Gabon ko Nafisat Abdullahi ta shigo, tsaki ya ɗauke, kofi ya huce a finjali. Washegari ka gan shi wurin mai aski yana kwatanta wani aski da hannu, ya ƙi faɗin inda ya gan shi. Shi ne kuma mutumin da in aka ci Hilal ko Marrikh a ƙwallo yake ƙin cin abinci saboda ƙartin da ba su san da zamansa a duniya ba. Laifi tudu ne.

A yi adalci, gasar nan babu daidaito a cikinta. Tun da aka faɗaɗa aikin noman Jazira zuwa Managil a ƙarshen shekarun 1950, mazanmu a cikin taɓon magudanar Abu Ishirin suke wuni, daga auduga sai gyaɗa, daga dawa sai alkama. Jarumi kuwa da mai haska masa fitila, da mai goge masa gumi, da mai rubuta masa daɗin bakin da zai faɗa, in ya yi tuntuɓe a sake ɗauka. Maigida ya dawo daga hawasha, wato gona, sau ɗaya ake ɗaukarsa, babu darakta, babu waƙa a baya.

Ban ce a daina kallo ba. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, Wad Madani ta faɗi a Disambar 2023, Managil ta cika da waɗanda suka baro gidajensu, duk abin da zai sa uwa ta yi dariyar rabin awa ya cancanci kuɗin cajin sola. Kuma son gwani gadonmu ne. A shekarun 1940 'yarmu A'isha Fallatiya ta shiga Rediyon Omdurman ta yi waƙa, masu suka suka yi ta suka, kunnensu kuma na jikin akwatin.

Roƙona dai kaɗan ne. Inna, hangen Dala ba shiga birni ba. Ali Nuhu tun Janairun 2024 yake shugabantar Hukumar Fina-finai ta Najeriya, aiki ya yi masa yawa, bai san kisrarki ta ƙone ba, kuma ba shi zai auno dawar gobe ba. Son maso wani ƙoshin wahala. Habboba, a sassauta wa dangin kishiya, ta riga mu gidan gaskiya. Kai kuma Yaya maigida, bar tsakin nan ka lura da abin da ke tsayar da gargariba a sama. Mutumin nan wanka yake yi, yana shafa turare, in ya shigo gida yana cewa "sannu da aiki" kafin ya tambayi abinci. Hanci da tsawo rabo ne daga Allah, ba a sayar da su a kasuwar Managil. Sabulu kuwa akwai shi, "sannu da aiki" kuma ko jine ɗaya ba za ta ci maka ba. Gwada yau da magariba, in ba a mayar da kai baya an ce ka maimaita ba, ka zo ka ƙaryata ni.