Hawan Dutse a Fadamar Dundaye

Babban ɗana ne ya jawo mini. Ya nuno mini wani bidiyo a waya: Bature da matarsa da 'ya'yansu, kowa da jaka a baya da sanda a hannu, suna bin wata siririyar hanya a gefen dutse. Ba kasuwa za su ba, ba gaisuwar mutuwa ba, wai shan iska. Na ce ai mu ma Allah ya ba mu ƙafafu.

Sai dai bai ba mu dutsen ba. Kano na da Dala, Zariya na da Kufena, Taraba na da Chappal Waddi a gandun Gashaka Gumti, mai tsayin mita 2,419, wanda duk Najeriya babu kamarsa. Mu a Dundaye, tudun marmara ne da fadama da gulbin Rima. Don haka na yanke hukunci za mu gangara fadama, mu bi gefen gonaki har Kwalkwalawa, mu ci soyayyen kifi mu dawo.

Uwargida ta ce, "Malam, shi hawan dutsen naku da gangara ake fara shi?"

Na ce ba ta san kan abin ba.

Na shiga Tsohuwar Kasuwa wajen 'yan gwanjo na sayo wani jibgegen takalmi mai gashi a ciki, irin na ƙasashen ƙanƙara. Na ari jakar makarantar auta, na cire sandar tsintsiyar goge ɗaki. Uwargida ta cika kula da shinkafa da wake, ta ce tunda ni ne jagora, ni zan ɗauka. Ranar Asabar da hantsi muka fita, hunturu ya fara kaɗawa, amma ranar Sakkwato ba ta san da wannan yarjejeniya ba. Kafin mu bar bayan gari ƙafafuna sun fara dahuwa a cikin gashin nan.

Mutum na farko da muka haɗu da shi ɗan kabu-kabu ne. Ya taka birki.

"Lahiya, Alhaji? Mota ta lalace?"

Na ce lafiya lau, shan iska muka fito.

Ya dube ni, ya dubi sandata, ya ce, "Iskan gidanku ƙarewa ya yi?" Ya ja babur yana waiwaye.

Fadamar kam ta yi kyau, ba na cin amanarta. An girbe shinkafa, an yi fangali-fangali an dasa albasa, injinan ban ruwa na ta tatata, balbelu na bin bayan shanu. Yara suka ruga suna ihu. Ni kuwa na ɗaga waya sama, don ɗana ya saka mini wata manhaja mai ƙirga taku, ina so in ga inda aka kwana. Ina tafiya ina dubawa, ina dogara sanda a gefen kunya.

Ashe an gan ni. Kafin in ankara manoma sun bar fartanya sun kewaye mu. Wani dattijo ya matso, laka har gwiwa.

"Yallaɓai, wagga gona tun kakana muke nomanta. In awon hili ne aka aiko ka, a hwara zuwa wurin hakimi."

Na rantse ba awo nake ba, tafiya kawai nake yi. Ya ce zuwa ina? Na ce Kwalkwalawa. Ya ce me zan karɓo? Na ce ba komai. Nan fa hankalinsa ya ƙara tashi. Ya ce rabonsa da ganin ɗan boko a ƙasa a wannan wuri tun ambaliyar 2010, lokacin da ruwa ya cinye hanyar Jami'ar Usmanu Danfodiyo, malamai da ɗalibai suka koma shiga kwalekwale. Ya leƙa bayana ko ruwan ne ya sake tasowa. Sai da uwargida ta ce masa, "Baba, a waya ya gani," sannan kowa ya ce, "Ayyo!" aka koma aiki.

Gaba kaɗan muka tarar da magudanar ban ruwa, faɗinta bai fi taku ɗaya ba. Yara suka tsallake. Uwargida ta tattare hijabi ta tsallake da silifas. Na ja da baya don in nuna musu yadda ake yi a bidiyo, na yi bismilla, na daka tsalle da ni da kula da tumbi. Ƙafar dama ta isa. Ta hagu ta nutse cikin laka, na fizgo ta, ta fito da safa kaɗai. Na tafi taga-taga na zauna daɓas a kan ƙarangiya.

Wanda bai taɓa zama kan ƙarangiya ba, kada ya yi mini ta'aziyya. Ka cire ta daga wando ta kama yatsa, ka cire daga yatsa ta koma hannun riga, kamar mai bin bashi. Ina cikin wannan hali wata tsohuwa ta zo wucewa, ba takalmi, da dammin itace a ka. Ko numfashinta bai sauya ba.

"Sannu, ɗana. Ciwon ya daɗe?"

Muka laluba takalmi har gwiwar hannu, laka ta ce ba ta san zancen ba. Daga ƙarshe dattijon nan ne ya kira jikansa ya kawo jaki, aka sauke buhun taki aka ɗora ni. Haka jagoran tafiya ya shiga Kwalkwalawa, ƙafa ɗaya da takalmin ƙanƙara, ɗaya da safa, iyalinsa na biye a ƙasa suna shan rake. Muna isa bakin gada waya ta yi ƙara, wai tana taya ni murna na cika takun yini. Auta ya ce, "Baba, ai na jakin ta ƙirga."

Kifin dai ya yi daɗi, ko da yake a tsaye na ci nawa. Muka dawo gida a agwagwa da buje.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, sai ga jikan dattijo a ƙofar gida, riƙe da takalmina na hagu, an wanke shi tas.

"Baba ya ce a gaishe ka. Ya ce ƙafa guda ba ta da amfani ga kowa, ko ka amshi wanga, ko ka ba da ɗayan."

Na shiga na ɗauko masa ɗayan, na haɗa masa da sandar.