Zanen Bango a Minecraft

Zanen bango a wasan Minecraft ana haɗa shi ne da sanduna takwas da dunƙulen ulu guda. Ba a buƙatar fenti ko buroshi, balle baiwa. Tunkiya ce kaɗai ke yin asara.

Akasarin hotunan aikin Kristoffer Zetterstrand ne, mai zane ɗan ƙasar Suwidin, kuma sun fara shiga wasan tun 2010. An matse su har sun koma 'yan murabba'ai. Mai kallo na iya rantsuwa ya gane abin da aka zana, muddin ya ja da baya sosai.

A wasan yau da kullum, mai gida ba ya zaɓar hoto. Shi dai ya rataya allon, wasan ya auna faɗin bangon, ya ba shi abin da ya ga dama. Mai neman shimfiɗar daji don ɗakin baƙi sai ya tashi da ƙoƙon kai yana cin wuta. Maganin abin shi ne a naushi zanen ya faɗo, a sake ratayawa, a sake naushi, har a dace.

Babban amfaninsa kuwa, ana ratsa shi a wuce. Shi ya sa ake rufe ƙofar ma'ajiyar lu'ulu'u da shi. Ɓarayi ma sun sani, don haka babu mai ƙaunar zane kamar baƙon da ya shigo yana goga fuska a kowane allo.