Mutanen Ɗakin Kwamfuta Ranar Lissafin Matsakaici

Aikin da ake ba ɗan koyo a makon farko na Python bai taka kara ya karya ba: karɓi makin ɗalibai, ka tara su a zagayen `for` ko `while`, ka raba da yawansu. Malam ya rubuta 70, 80, 90 a allo. Yaron firamare ma ya san amsar 80 ce. To, a nan ake gane halin kowa.

Akwai Mai Rantsuwa. Shi 30 yake samu, kuma kafin ka buɗe baki ya ce, "Wallahi Malam, kwamfutar nan ce, tun jiya take haka." Ka leƙa, sai ka ga ya sa jimilla daidai da sifili a cikin zagayen maimakon samansa. Kowane zagaye sai ya zubar da abin da ya tara ya fara sabo, kamar mai ɗiban ruwa da kwando. A ƙarshe 90 kaɗai ta rage, ya raba ta uku. Ko an nuna masa layin, sai ya nemi a canja masa kujera.

Wanda ya fi ba ni dariya, ya kuma fi ba ni tsoro, shi ne Ɗan Dabara. Ya rubuta `range(1, 3)` bai san Python daga sifili take fara ƙirga ba, kuma ba ta taɓa lambar ƙarshe da aka ba ta. Saboda haka 70 ta sha, ya samu 56.67. Ya mayar da 3 ta koma 4, allon ya yi ja da `IndexError`. Ya dawo da 3, ya raba da biyu, ya samu 85. Ya matso! Sai ya waiga hagu da dama, ya koma rabawa da uku, ya ƙara 70 a jimillar da hannunsa. Ga 80 ta fito tas. Ya miƙe yana gyara hula, yana tambayar ko akwai wani aikin. Malam ya zo ya canja makin farko zuwa 40, manhajar ta sake cewa 80. Irin wannan ne watarana za a ba lissafin albashin ma'aikata, Allah Ya kyauta.

Hajiya Mai Amsa Uku laifinta tazara huɗu ne kawai: ta tura layin rabawa cikin zagayen, allon ya ba ta 23.33, da 50, da 80. Ta ce ai ta ƙarshen ce daidai, sauran biyun kyauta ne.

Sai Mai Haƙuri. Ya buɗe `while`, ya manta bai ƙara wa ma'ƙirgin ɗaya ba, sharaɗin ya zauna a gaskiya har abada. Ya harɗe hannu yana kallon allo. "Yana lodi ne, Malam." Fankar kwamfutar tana kuka, shi yana danna waya. Da ya danna Ctrl da C da tuni an wuce wurin, amma yakan jira har a ɗauke wuta, sannan ya ce saura kaɗan ya gama.

Mai Adalci kuwa ba ya ware kowa. An ce a shigar da -1 alamar an gama shigar da maki, shi kuma ya tara ta, ya ƙirga ta a matsayin ɗalibi na huɗu. Jimilla ta zama 239, matsakaici 59.75, aji guda ya sauko daga A zuwa C saboda ɗalibin da ba a haifa ba.

Mai Kwafe ba ya daɗewa. Ya ɗauko aikin abokinsa na Java, inda 7 raba 2 ke ba da 3 idan duka lambobin cikakku ne, ya miƙa har da sunan abokin a layin farko.

A can lungu akwai wata da ba ta magana. Ta cika zagayenta da `print`: "na shigo", "jimilla yanzu", "ƙirge yanzu". Aikinta ba kyan gani, 'yan aji suna mata dariya. Amma tana ganin jimillar tana tafiya 70, 150, 240, kuma duk inda lamba ta kauce, nan take ɗora yatsa. Wani lokaci ma takarda take ɗauka ta ja layi uku, ta bi zagayen da biro kafin ta taɓa madannai. A ganina ita kaɗai ce ke gyara a ɗakin nan. Sauran addu'a suke yi.

Ta kai wa Malam aikinta, ya gwada da maki biyar, ya gwada da goma, duk daidai. Sai ya sake kunnawa, bai shigar da maki ko ɗaya ba, ya danna -1 kai tsaye. `ZeroDivisionError`. Mai Rantsuwa ya leƙo daga sabuwar kujerarsa ya ce, "Kin gani ko? Na faɗa muku kwamfutocin nan ne."