Banufe, Zo Ka Ga Masu Cin Kogi

Kai Banufe, bawan Katsinawa, jingine filafilinka ka saurari ubangidanka. Kullum sai ka cika mana kunne wai ku ne masu Kwara, alhali daga asuba zuwa magariba ba ka tara abin da ya wuce kuɗin fito da tarwaɗa uku. To, akwai wani ɗan gari a Jamus mai suna Kaub, a gaɓar kogin Rhine tsakanin Mainz da Koblenz. Mutanensa ba su kai dubu ba. Dutse ya tokare su ta baya, ruwa ta gaba, garin ya miƙe siriri.

A 1326 Sarki Ludwig na Bavariya ya sa aka kafa hasumiya a kan wani tsibirin dutse a tsakiyar ruwa, daga baya aka zagaye ta da ganuwa mai siffar jirgi. Pfalzgrafenstein ake ce mata. Kada ka gwada faɗa, harshenka da ya kasa “Katsina” ba zai iya ba. Aikinta karɓar haraji. A ja sarƙa a tare hanya, duk jirgin da ya zo sai ya sauke kuɗi. Falken da ya yi taurin kai, a zura shi cikin rijiya, ya zauna kan katakon da ke yawo a kan ruwa har danginsa su kawo fansa. Paparoma ya yi ta kumfar baki, ba wanda ya kula shi. Sai a 1867 aka daina karɓa. Shekara ɗari biyar da ɗoriya suna ci daga zaune, kai kana tuƙi kana gumi!

A nan ne kuma Blücher, kwamandan sojojin Prusiya, ya tsallakar da dubban dakarunsa a daren shigowar 1814, yana bin sawun Napoliyon. Allah ya taimake shi ba kai ya tarar a mashigi ba, da har yau kuna cinikin kuɗin doki.

Yanzu ma Kaub bai saki wuyan kogin ba. Ruwan wurin ba zurfi, don haka ma'auninsa masu jiragen dakon kaya ke dubawa kafin su yi lodi. A Oktoban 2018 ya sauka zuwa santimita 25, jirage suka rage kaya, kamfanin BASF ya rage aiki, man fetur ya yi tsada a kudancin Jamus.

Kai kuwa ran da Kwara ta ja baya, wa ke jin labari? Sai matarka, da ta ga miya ba kifi. Nawa kason dai a aiko shi busasshe, kuma ban da ƙaya.