Rigar Yaya Ta Yi Suna

Mai zanen da ya fi burge ni wani dattijo ne Bazazzage, gwanin zana hawan salla. In ya zana dawakai sun tasar wa jahi, sai ka ja da baya don kada su take ka. Da na ji za a baje ayyukansa a wani ɗan zaure a Samaru, kuma shi ma zai halarta, sai na duƙufa shiri.

Na fara da na baki. Na haddace labarin ƙungiyar masu zane da ɗalibai suka kafa a Zariya a 1958, a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Na riƙe sunayen su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, da manufarsu ta cewa a koyi dabarar Bature, amma abin da za a zana a samo shi a gida. Nufina in jero masa wannan duka, ya san ba shan zoɓo ya kawo ni ba.

Sai na jiki. Yayana yana da wata babbar riga ta saƙi da ya gada wajen Baba, ba ta fitowa sai da babban dalili. Yana Kaduna ranar, na lallaɓi matarsa ta ciro min ita daga ƙasan akwati, tana ta warin kafur.

Ina shiga na hango shi, na durƙusa.

"Ranka ya daɗe, barka da rana. Tun a 1958..."

"Yaro, wa ya yi wa rigar nan aiki?"

Ko fuskata bai kalla ba. Ya kama gaban rigar ya kai ta dab da tabarau. "Wannan ba keke ba ne, allura ce. Ka ga aska takwas, ka ga tambari. Mai aikin nan ya yi watanni a kanta. Tashi tsaye. Buɗe hannuwa. Yauwa, kada ka motsa."

Ya zaro takarda da gawayi, ya ja kujera ya zauna.

Haka na tsaya a tsakiyar zaure, hannuwa a baje kamar mutum-mutumin korar tsuntsaye a gonar gero. Jama'a suka bar dawakan bango suka kewaye ni. Wata Baturiya ta ɗauke ni hoto, ta shiga duba gefen ƙafata ko akwai takardar farashi. Faranti ya wuce da cincin, wani ya wuce da zoɓo mai ƙanƙara, ba wanda ya tuna abin kallo ma yana da maƙogwaro. Na sake gwadawa.

"Ranka ya daɗe, shi Uche Okeke..."

"In ka yi magana wuyan rigar yana motsi."

Sai da aka kira la'asar ya sallame ni, kafaɗuna sun mutu murus. Ya juyo min takardar. Tubarkalla, ga riga nan, kowace aska da tsininta, har 'yar ƙunar da garwashin turare ya yi mata a gefen aljihu. Daga wuya zuwa sama kuwa, farar takarda.

"Ranka ya daɗe, ina kaina?"

"Kai ai kowa na da shi. Irin wannan rigar ce ta yi wuya."

Bayan wata biyu ya gama zana ta da fenti, aka rataye, aka manna mata jan ɗigon da ke nuna an saye. Hoton ya yi ta yawo a waya har ya faɗa hannun Yaya, wanda ya gane ƙunar nan tun kafin ya gane rigar. Na zaci zan sha faɗa. Sai ya ce in kai shi wajen dattijon.

Yanzu abokai ne. Duk Asabar suna zaure suna hirar ɗinki da rini da tsofaffin masaƙa, Yaya kuwa bai taɓa jin sunan Grillo ba. Ni ma ana zuwa da ni, tunda dole wani ya riƙe jakar rigar. Jiya dattijon ya dube ni da kyau, ya ce da Yaya, "Alhaji, wannan yaron naka, kamar na taɓa ganin hannuwansa."