Hawa da Gangara: Nazari a Kan Shugabannin Kamfani na Bakin Tafkin Kainji

Tsakanin ƙarshen watan Fabrairu da tsakiyar Maris na shekarar 2022, kafofin talabijin na Amurka sun fitar da wasannin kwaikwayo uku masu dogon zango waɗanda jigonsu ɗaya ne, wato yadda mutum mai zaƙin baki yake kafa kamfanin fasaha da kuɗin jama'a, ya hau har ana rige-rigen gaishe shi, daga bisani ya gangaro a gaban idon duniya. Na farko shi ne Super Pumped, wanda ya bi tarihin Travis Kalanick na kamfanin Uber har zuwa lokacin da masu hannun jari suka matsa masa ya sauka a watan Yunin 2017. Na biyu shi ne The Dropout, labarin Elizabeth Holmes wadda ta bar Jami'ar Stanford tana da shekara 19, ta kafa Theranos bisa iƙirarin cewa na'urarta za ta gano cututtuka masu yawa daga ɗigon jinin yatsa, aka ƙiyasta darajar kamfanin a kan dala biliyan 9, sannan aka gano cewa na'urar ba ta iya aikin, kotu ta yanke mata ɗaurin fiye da shekara 11. Na uku shi ne WeCrashed, labarin Adam Neumann na WeWork, mutumin da ya karɓi hayar gine-gine ya yanka su ofis-ofis yana ba da haya, amma ya gamsar da attajirai cewa abin da yake yi gyaran ruhin duniya ne, har darajar kamfanin ta kai dala biliyan 47 a 2019 kafin ta rufta.

Tsarin irin wannan wasa ba ya sauyawa, kuma a nan ne matsalar mai kallo na ƙasar Yauri take farowa. Kowane ɗaya daga cikin ukun yana da kashi bakwai ko takwas, inda kashin farko-farko suke cike da jiragen sama na ƙashin kai da tafi da hotuna a bangon mujallu, kashin ƙarshe-ƙarshe kuma suke cike da lauyoyi da 'yan jarida da waya da ba a ɗauka. Marubutan sun shirya shi ne domin ya zama gargaɗi, sai dai gargaɗin yana can ƙarshe, shi kuwa matashin Yelwa ko Wara ko Shanga yana kallo ne da datar da aka auna da cokali, a wayar da cajinta ya dogara ga wutar da ba ta da alƙawari, duk da cewa madatsar Kainji, wadda aka kammala a 1968 aka kuma tashi dubban mutane daga gidajensu dominta, a kan ruwan da yake wanka da shi take. Saboda haka abin da yake iso masa galibi guntaye ne a TikTok da Facebook, an ɗora musu kiɗa, kuma ba a taɓa jin mai yanka bidiyo ya zaɓi wurin zaman kotu ba. Abin da aka rubuta a matsayin hannunka mai sanda sai ya sauka a bakin tafki a matsayin darasin koyon sana'a.

Sakamakon wannan rabin karatu shi ne bayyanar wani jinsi na samari da ake kira CEO, haruffan Turanci uku da suke nufin babban shugaban kamfani, waɗanda kuma a wannan yanki ake samunsu tun kafin a sami kamfanin. Ana gane mai wannan muƙami da alamomi na zahiri da ya kwafo da aminci. Holmes ta shahara da baƙar riga mai dogon wuya wadda ta aro daga Steve Jobs, kuma tana sa ta ne a ofisoshin Kalifoniya masu na'urar sanyi. Shugaban kamfani na Yelwa yana sa irinta a watan Afrilu, lokacin da zafi yake haura digiri 40, yana zufa cikin natsuwa irin ta mai hangen nesa. Neumann kuwa an san shi da yawo ba takalmi a titunan New York, amma wannan sunna ba ta karɓu ba, domin a Ngaski duk wanda aka gani ba takalmi za a ɗauka a masallaci aka ɗauke masa, har a fara yi masa jaje. Barin makaranta ne ya fi sauƙin kwaikwayo, kuma da yawa sun riga sun cika wannan sharaɗi tun kafin su ji labarin Holmes, illa dai ba a cika ambaton cewa ita Stanford ta bari ba.

Hedikwatar kamfanin benci ne a rumfar mai cajin waya, sunansa kuma ba ya rasa kalmar da take nuna cewa harkar ta game duniya, ko da kuwa iyakar tafiyar shugaban ita ce Kontagora. Idan aka tambaye shi abin da kamfanin yake sayarwa, sai ya yi murmushin tausayi, ya bayyana cewa ba sayarwa ake yi ba, matsala ake warwarewa. Akwai mai manhajar da za ta haɗa masunci da mai sayen kifi, alhali su biyun sun shekara talatin suna haɗuwa a bakin ruwa kowace safiya ba tare da sun ɓace wa juna ba. Akwai mai shirin yi wa kwale-kwale abin da Uber ya yi wa tasi, wanda bai lura ba cewa direban jirgi yana da nasa tsarin kiran fasinja, wato ihu, kuma bai taɓa katsewa saboda rashin sabis ba.

Babin masu zuba jari ya fi kowane cancantar dogon nazari. A Amurka akwai kamfanonin da sana'arsu ita ce zuba kuɗi a sababbin kamfanoni da fatan ɗaya cikin goma zai ci, kuma su ne suke yanke abin da ake kira ƙiyasin daraja, ma'ana farashin da ake cewa kamfani ya kai idan aka auna da abin da mai saye na ƙarshe ya biya a kan ɗan yankinsa. A ƙasar Yauri wannan aiki yana hannun kawu da gwaggo da uwar adashe, kuma ƙiyasin daraja ana yanke shi ne bayan sallar isha'i a kan tabarma. Abin mamaki a nan shi ne waɗannan mutane ba wawaye ba ne a kasuwa. Dattijon da zai sa a zazzage buhun albasa har ƙasa don ya ga ko an ɓoye ruɓaɓɓiya a tsakiya, wanda zai shinshina kwandon warangi, wato ƙananan kifin nan da ake shanyawa a bakin Kainji, ya faɗi daren da aka kama su, shi ne zai miƙa kuɗin shinkafar rani ga ɗan ƙanensa saboda an nuna masa wani layi kore yana hawa a fuskar waya. Idan ya yi gardama kaɗan sai yaron ya rusuna ya ce, “Kawu, ai ku kun yi zamaninku na jaki, mu namu na jirgi ne, kuma gurbi biyu ya rage,” shi kuwa kawu, wanda ba ya son a ce ya tsufa, sai ya tambaya ko za a iya ajiye masa duka biyun.

Adalci ya wajabta a faɗi cewa kawu yana da abokan tafiya masu daraja. Cikin 'yan kwamitin Theranos akwai George Shultz da Henry Kissinger, dukansu tsofaffin sakatarorin harkokin wajen Amurka, Rupert Murdoch kuma ya zuba dala miliyan 125 a kamfanin, kuma jaridarsa ce, Wall Street Journal, ta tona asirin a 2015 ta hannun John Carreyrou. Da za a fassara wa dattawan Yelwa wannan sashe kaɗai, da hawan jini ya ragu a unguwanni da dama.

A shekarar 2024 muƙamin ya wadata har ya isa kowa. Harkar da samari suke kira mainin, wato tara sulallan kirifto ta hanyar danna fuskar waya da fatan wata rana za su zama kuɗi, ta mamaye Arewa bayan da sulallar Notcoin ta fashe a watan Mayu, kuma fashewa a bakin masu harkar tana nufin ranar da aka sa sulalla a kasuwa har ana iya sayar da ita. Sai ga Hamster Kombat a dandalin Telegram, wasan da yake naɗa duk wanda ya shiga shugaban wani kamfanin musayar kirifto, da sharaɗin ya yarda a zana shi da siffar ɓera sanye da kwat. Ba a taɓa samun lokacin da gaɓar tafkin Kainji ta tara shugabannin kamfani masu yawa haka ba: suna majalisar mai shayi, suna cikin jirgin ruwa ranar kasuwa, wasu suna sahun baya a wurin ɗaurin aure, babban yatsa yana aiki yayin da liman yake addu'a. Da sulallar Hamster Kombat ta fashe ranar 26 ga Satumba, mafi yawansu suka tarar da ladan watanni bai kai kuɗin datar da aka ƙona ba. Mabiya sulallar Pi, wadda aka fara tun 2019, sun fi haƙuri, har wasunsu suka yi imani cewa ƙwaya ɗaya za ta kai dala 314,159. Da aka buɗe kasuwarta a Fabrairun 2025 ta taɓa kusan dala 3, sannan ta sauko ƙasa da ɗaya. Duk wannan yana faruwa ne a masarautar da ake haƙar zinari na gaske tun zamanin Turawa, inda mai shiga rami da diga yake fitowa da ƙura har cikin kunne, kuma shugaban kamfani yana kallonsa a matsayin wanda bai waye ba, ko da yake a wurinsa yake rancen kuɗin data.

Inda wasan gida ya rabu da na Amurka shi ne wajen gangara. Can faɗuwa tana da shaidu da takardu da ranar yanke hukunci, wani lokacin har da lada, domin Neumann ya bar WeWork da ɗaruruwan miliyoyin daloli a aljihu. Nan kuwa faɗuwa tana da ladabi. Tana farawa da sanarwar cewa ana gyaran manhaja, ta wuce zuwa roƙon a ƙara haƙuri, sai a wayi gari an rufe zauren WhatsApp ta yadda shugaba kaɗai ke iya magana, shi kuma ya tafi Abuja ganawa da abokan hulɗa. Haka aka gani a faɗin Najeriya lokacin da MMM, mai alƙawarin ribar kashi 30 cikin ɗari a wata, ta daskarar da kuɗin mutane a Disambar 2016, haka aka sake gani da CBEX a Afrilun 2025, kuma tazarar shekarun ta isa a ce an manta, ko da yake wasu fuskokin sun halarci duka biyun. Idan abin na cikin dangi ne, ba a zuwa kotu, domin mai karɓar kuɗin ɗa ne, mai bayarwa uba ne, mai shaida kuma suruki ne. Ana zama, a ambaci zumunci, a ambaci ƙaddara, a bar wa Allah. Mai bincike da zai zagaya Yelwa yana neman wanda ya yi asara ba zai sami ko mutum ɗaya ba, sai dai kowa yana da wani aboki da abin ya shafa, kuma ya san adadin kuɗin abokin har da canji.

Wannan ne ma dalilin da zai sa aikin ya yi wa Kannywood wuya idan ta so yin nata. Masu kallon Arewa24, tashar da ta fara aiki a 2014, sun saba da attajiri irin na Gidan Badamasi, wanda dukiyarsa tana nan a zahiri, 'ya'ya suna zagaye da ita suna lissafin gado, kuma rikicin yana kan rabo ne. Labarin shugaban kamfani na bakin tafki ba shi da dukiyar da za a nuna wa kyamara, ba shi da jirgin sama, kuma babban abin da zai dami marubuci shi ne ba shi da kashi na ƙarshe. Bayan wata shida jarumin yana dawowa gida a lokacin bikin Rigata, ya yi ƙiba kaɗan, ya sauya suna a Facebook, yana bayanin cewa abin da ya faru gogewa ce, kuma sabuwar manhajar ta bambanta domin tana aiki da ƙirƙirarriyar basira. A wannan gaɓa ma yana da madogara daga manya: a watan Agustan 2022, watanni kaɗan bayan an gama nuna WeCrashed, kamfanin zuba jari na Andreessen Horowitz ya ba Adam Neumann dala miliyan 350 domin ya kafa sabon kamfanin gidajen haya mai suna Flow. Wannan labari ya iso Yauri cikakke, ba a yanke ko daƙiƙa ɗaya ba, kuma an riga an karanta wa kawu.