Zabuwar Hajiya da Notin Kwamfutata

Tun da na ɗora wa kwamfutata Ubuntu, katin Wi-Fi da ke cikinta ya shiga yajin aiki. Ya kama intanet da safe, ya saki kafin in gama shan koko, kuma ko ranar da ya ga dama, 2.4 GHz kaɗai yake gani, 5 GHz kuwa bai san da zamansa ba. Na hau yalo-yalo daga Tishigu zuwa wajen kasuwar Aboabo, na sayo Intel AX200, wanda ya fito a 2019. Sai da na tabbatar ramin kwamfutar M.2 ne, ba tsohon mini PCIe ba. Na kuma ƙi karɓar AX201, don kamarsu ɗaya amma shi sai da wasu ƙwaƙwalen Intel yake aiki. Na faɗi wannan ne don ku san ba da ka na shiga aikin ba.

Ina dawowa aka ɗauke wuta. Ɗaki ya yi duhu, zafin Tamale kuma ba ya jiran kowa, sai na fito da tabarma da 'yar kujera tsakar gida, gindin darbejiya. Na buɗe bayan kwamfutar, na zare wayar batir, na ɓalle wayoyin eriya guda biyu, baƙa da fara, waɗanda suke bi ta maɗaurin murfi har saman allo. Tsohon kati ya fita, sabo ya shiga. Faɗinsa milimita 22, tsawonsa 30, kuma a karkace yake shiga, gindinsa a sama, sai an danne shi da noti guda ɗaya tak. Notin nan bai fi ƙwayar dawa ba.

Yana bakin sukundireba, ina gab da sa shi a raminsa, Baba, yayan maigidan Hajiyar da nake haya a gidanta, ya yi sallama a bayana. Tarbiyya ta ce in waiwaya. Na waiwaya.

Tun daga ranar nake maimaita abin a raina, kuma kullum a hankali yake tafiya. Notin ya saki sukundireba. Ya bugi gwiwata, da na matse ƙafa da shi ke nan. Ya bugi gefen kujera, da na kai hannu da na cafe. Ya sauka a siminti, ya yi tsalle, ya gangara yana ƙyalli cikin rana, ya tsaya cak a gaban zabuwar Hajiya. Ta karkata kai, ta dube shi da ido ɗaya. Ta dube ni da ɗayan. Wallahi ta dube ni. Na buɗe baki in ce kul, abin da ya fito shi ne amsar sallamar Baba. Ina cikin "wa alaikumus salam" ta kai baki, ina kai wa "wa rahmatullahi" na ga wuyanta ya motsa.

"Ta haɗiye," in ji Baba, kamar ba a gabana aka yi ba.

Ya ja kujerar da notin ya buga ya zauna. Baba ya yi shekaru yana gyaran rediyo a Zango, don haka a ganinsa duk abin da ke da waya ɗan gidansa ne.

"Ɗana, kada ka tada hankalinka. Kawo mayen ƙarfe, irin na bayan lasifika, a shafa mata daga ciki zuwa wuya. Zai biyo."

Na ce, "Baba, idan ya biyo ta wata hanyar fa?"

"To ai ya fito ke nan. Sai ka wanke."

Na yi masa bayanin cewa zabi da kaji tsakuwa suke haɗiya ta zauna a ƙundu tana niƙa musu tsaba, saboda haka notina ya sami aikin yi, ba fitowa zai yi ba. Ya gyaɗa kai kamar shi ya koya mini.

"Shi wannan notin, shi ke kamo intanet ɗin?"

"A'a Baba, riƙe katin yake yi."

"Amma ya zauna da shi shekara da shekaru."

"Haka ne."

"To kunna ta, ka matsa kusa da zabuwar, mu gani."

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na matsa. Ba don na yarda ba, don dai babba ya yi magana. Hajiya ta fito daga madafa ta tarar da ni a tsugune, kwamfuta buɗe a hannu, hanjinta a waje, ina bin zabuwarta a kewayen randa, Baba yana daga zaune yana cewa in ɗaga ta sama kaɗan, haka suke yi wa rediyo idan tashar Kaduna ta ƙi kamuwa. Yaran makwabta sun cika ƙofa. Zabuwa ta yi fir ta haye rufin kwano tana ta kururuwa, Baba ya ce madalla, can sama ma ya fi kama iska.

Na roƙi Hajiya ta sayar mini da ita. Ta ce ko kusa, ta bikin Damba ce, baƙi za su zo daga Yendi. Baba ya kawo shawarar ƙarshe, wai a liƙe katin da ƙullun tuwo, idan ya bushe ya fi siminti.

Yanzu haka guntun kwalin ashana ne ke danne da katin, da salatif a kansa, kuma 5 GHz yana kamawa lafiya lau. Hajiya ta ce in yi haƙuri zuwa Damba, idan an yanka, ƙundun nawa ne.